Yadda damana take shekara 9000 da suka wuce

Duk wanda ya je Madarunfa zai ga abu biyu. Zai ga tabki, da masunta cikin jiragensu, da garaken rani a bakin ruwa. In ya bar fadama ya hau tudu, sai ya tarar da jigawa, inda ake noman hatsi da wake da gujiya. Ga ruwa ga rairai, dab da juna. Mutane sun saba da su, har ba mai tambayar inda suka fito.

Amma akwai tambayar da ba ta ƙarewa, a dandali da kasuwa da bakin rijiya. Tsofaffi suna cewa da can an fi samun ruwan sama. Samari suna cewa hamada tana tafe. Makiyayi yana son ya san ko haki zai koma arewa kamar yadda kakansa ya ba shi labari. Manomi yana son ya san ko gonar da ya gada za ta ciyar da jikokinsa.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Akwai masana waɗanda waiwaye shi ne aikinsu. Suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake kira kwamfuta. Da ita suke lissafa yadda rana da iska da ruwan sama suke a zamanin da ba wanda ya rubuta labarinsa. Abin da suka gano ya shafi gonakin Madarunfa, ya shafi garkunan da ke shan ruwan tabkinta.

SHAIDAR RAIRAI

Kafin a zo ga na'ura, sai a fara da abin da ido yake gani.

Jigawar da ake nomawa a ƙasar Maraɗi tsofaffin tuddan hamada ne, waɗanda iska ta tara. Shekara wajen 20,000 da suka wuce, duniya ta yi sanyi ƙwarai. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka. Ruwa mai yawa ya daskare a can, har teku ta ja baya, ta sauka da fiye da mita 100. A ƙasar Hausa kuwa ruwan sama ya yi ƙaranci. Tabkin Cadi ya ƙafe. Hamada ta gangaro kudu da kilomita wajen 400, rairai ya bi iska har ƙasar Kano.

A 1958 wani masani daga Ingila mai suna Grove ya rubuta bayanin waɗannan tsofaffin tuddai na ƙasar Hausa. Suna jere layi-layi, sun bi hanyar da iskar hunturu take bi. Da ruwa ya dawo, haki da itatuwa suka fito. Saiwoyinsu suka kama rairan, ya tsaya wuri ɗaya. Wato hamada ta taɓa zuwa har nan, ta kuma koma.

SHAIDAR RUWA

Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina. Yana bi ta Jibiya, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya sake shiga Najeriya. Da damana kaɗai yake gudu. Arewa da shi akwai Gulbin Kaba. Kwari ne mai faɗi, amma yau da wuya a ga ruwa ya yi nisa cikinsa. Gaba kuma ga kwarin Tarka a ƙasar Dakoro. Wa ya haƙa waɗannan kwaruruwa? Ruwa ne. Kuma ɗan ruwan da ake samu yanzu ba ya iya wannan aiki.

In aka ƙara nausawa arewa, shaidar ta fi ban mamaki. Kudu maso gabas da Agadas, a bakin hamadar Tenere, akwai wani wuri da ake kira Gobero. Yau ba kome a wurin sai rairai. A shekara ta 2000 wani masani daga Amurka mai suna Paul Sereno ya je can da mutanensa. Suka tarar da tsohuwar maƙabarta, mai kabari wajen 200. Kusa da kaburburan akwai ƙashin dorina, da na kada, da na giwan ruwa. Akwai masun kama kifi waɗanda aka sassaƙa da ƙashi. Mutanen da suka fara zama a wurin masunta ne da mafarauta, a bakin wani tabki. Sai aka yi fari na kusan shekara 1000, tabkin ya ƙafe, suka tashi. Da ruwa ya dawo, wasu mutane dabam suka zo suka zauna.

Arewa da Agadas, a Dabus, akwai hoton raƙuman dawa guda biyu da mutanen da suka sassaƙa a kan dutse. Babban ya fi mita 5 tsawo. Cikin duwatsun Abzin kuma ga zanen shanu da yawa. Mai zane abin da ya gani yake zanawa.

A Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya a 1987, sai ya ci karo da icce a ƙarƙashin ƙasa. Ashe jirgin ruwa ne, mai tsawon fiye da mita 8. Da aka auna, aka ga ya kai shekara wajen 8000. A wancan zamani Tabkin Cadi ya cika ya batse, faɗinsa ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Nijar duka. Hazon da yake rufe Maraɗi da hunturu, mai yawa daga cikinsa daga Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Cadi. Busasshen taɓon wancan tsohon tabki ne iska take kwasowa.

Wannan zamani na ni'ima ya kama daga shekara wajen 11,000 zuwa wajen 5000 da suka wuce. Shekara 9000 ba nan kusa ba ce. In aka ce kowane uba ya haifi ɗansa yana da shekara 25, sai an jera kakanni 360 kafin a kai can.

ME YA KAWO CANJIN?

Kowane manomi ya san zafin bazara shi yake jawo damana. Rana tana gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi sama. Sai iska mai laima ta taso daga teku, daga kudu maso yamma, ta cika gurbin. Hadari daga gabas yake tasowa, amma laimar da yake zubarwa wannan iska ce ta kawo ta. In zafin ya yi ƙarfi, iskar teku tana shiga arewa da nisa.

To, ƙarfin ranar damana ba ɗaya yake ba a kowane zamani. Duniya tana zagaya rana sau ɗaya a shekara. A cikin zagayen, akwai lokacin da take ɗan matsawa kusa da rana, akwai lokacin da take ɗan nisa. Yanzu a farkon watan Janairu, cikin tsakiyar ɗari, take fi kusa.

Duniya kuma tana juyawa kamar mazari a hannun mai kaɗin auduga. Wanda ya lura da mazari ya san kansa yana ɗan layi sa'ad da yake juyawa. Duniya ma haka take yi, amma a hankali ƙwarai. Saboda wannan layi, lokacin kusantar rana yana matsawa daga wata zuwa wata. Sai bayan shekara wajen 21,000 yake komawa inda ya faro. Shekara 9000 da suka wuce ya faɗo ne cikin damana.

Wani masani ɗan ƙasar Sabiya mai suna Milankovic ya yi shekara da shekaru yana wannan lissafi da alƙalami da takarda. Ya fitar da babban littafinsa a 1941. Ya san yawan hasken ranar da kowace ƙasa take samu a kowane zamani. Amma ruwan sama nawa wannan haske zai kawo, kuma a ina zai sauka? Wannan lissafi ya fi ƙarfin hannu. Sai da na'ura ta zo.

YADDA NA'URA TAKE AIKI

Mai karatu ya san dara. Ana tona gurabu a ƙasa, layi-layi. Haka masana suke raba duniya cikin na'ura, gurbi-gurbi, da ƙasa da teku da sararin sama. Sai dai gurbi ɗaya yana da faɗi, kilomita 100 ko 200 ko fiye. Madarunfa da Maraɗi da Jibiya da Katsina duk suna iya faɗawa gurbi ɗaya.

A kowane gurbi ana rubuta abin da ke ciki. Tudu ne ko teku? Rairai ne ko daji? Zafi nawa ne, laima nawa ce, iska ina ta nufa? Sa'an nan a ba na'ura ƙa'idodin da aka sani. Iska mai zafi tana tashi sama. Ruwa in ya ji rana yana zama tururi. Tururi in ya huce yana zama girgije. Na'ura tana lissafa abin da zai faru a kowane gurbi cikin rabin awa, da abin da kowane gurbi zai miƙa wa maƙwabcinsa. In ta gama, ta sake lissafa rabin awa na gaba. Haka har kwana ya cika, har shekara ta cika, har shekara dubu.

Wannan ba duba ba ne, ba kuma bugun ƙasa ba ne. Lissafi ne, irin na ɗan kasuwa, sai dai yana da yawan gaske. Kuma ana gwada shi. Da farko ana ba na'ura ranar yau da tekun yau, a ga ko za ta kawo damana a kan lokaci, ta kawo hunturu a kan lokaci. In ta ci wannan jarrabawa, sai a canza mata rana zuwa ta zamanin da. Abin da ta fitar a auna shi da shaidar ƙasa: taɓon tsofaffin tabkuna, da ƙasusuwa, da ƙurar furannin da ta kwanta cikin taɓo, wadda take nuna irin itatuwan da suka tsiro a wurin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

GWAJIN 1981

A 1981 wani malamin jami'ar Wiskonsin a Amurka, mai suna John Kutzbach, ya yi wannan gwaji. Ya ba na'ura ranar shekara 9000 da suka wuce. A lokacin, hasken ranar damana ya fi na yanzu da kashi 7 cikin 100. Na'ura ta yi lissafinta, ta nuna iskar teku ta ƙara ƙarfi, ruwan sama ya ƙaru a Afirka da Indiya. Lissafi ya yi daidai da abin da tsofaffin tabkuna suka nuna.

Amma da sauran magana. A 1991 masana na ƙasashe da yawa suka haɗa kai don su riƙa kwatanta aikinsu. A 1999 suka jera lissafi iri 18, duka a kan zamanin shekara 6000 da suka wuce. Dukansu sun ce ruwa ya ƙaru. Amma ruwan da suka ba da bai isa ya fid da haki a tsakiyar Sahara ba. Ga ƙashin dorina a hamada, ga na'ura tana cewa ruwan bai kai can ba. Masana ba su ƙaryata ƙashin ba. Suka ce lalle akwai abin da aka manta cikin lissafi.

Abin da aka manta shi ne haki. An canza wa na'ura rana, amma an bar mata Sahara tsirara kamar yadda take yau. Kutzbach da abokan aikinsa sun riga sun gwada wannan a 1996. Suka cire hamada daga gurabun, suka sa haki da ƙasa mai riƙe ruwa. Sai ruwan sama ya ƙaru.

Ga dalili. Farin rairai yana mayar da hasken rana sama, kamar yadda farar riga take yi. Ƙasa mai haki da itatuwa ta fi duhu, ta fi riƙe zafin da yake jawo iskar teku. Saiwoyi kuma suna tsotso ruwa daga ƙasa, ganye ya mayar da shi cikin iska, ya sake zama girgije. Inda haki ya rufe ƙasa, ƙura ba ta tashi ta tare rana. Daga baya wasu masana suka ƙara tabkuna cikin lissafi, wasu suka canza zafin teku, wasu suka rage ƙura. Yawancin gwaje-gwajen sun tura ruwan arewa. Har yau yawancin na'urori ba su kai ga yawan ruwan da shaidar ƙasa ta nuna ba, ana nan ana gyara su. Amma an gane abu ɗaya: rana ce ta fara kawo ruwan, ruwa ya fid da haki, haki kuma ya ƙara kiran ruwa.

YADDA SAHARA TA BUSHE

Abin da ya taimaka wajen hawa, shi ya taimaka wajen gangara. Lokacin kusantar rana ya ci gaba da matsawa, ya bar damana. Ruwa ya ragu kaɗan, haki ya ragu. Da haki ya ragu, ruwa ya ƙara raguwa.

A 1999 Martin Claussen da mutanensa a garin Potsdam na Jamus suka sa na'ura ta bi shekarun nan 9000 ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin rana ya riƙa raguwa sannu-sannu. Amma da aka zo shekara wajen 5500 da suka wuce, sai hakin Sahara ya ƙare cikin ƴan ɗaruruwan shekaru. Taɓon da aka haƙo daga ƙarƙashin teku kusa da Muritaniya ya nuna ƙura ta ƙaru ƙwarai a daidai wannan lokaci. Taɓon tabkin Yowa na arewacin Cadi kuwa, wanda aka ba da bayaninsa a 2008, ya nuna a can bushewar ta zo ne a hankali. Ba ko'ina ya bushe rana ɗaya ba. Arewa ta riga kudu.

Mutane suka bi ruwa, suka gangaro kudu da bisashensu. A kwarin Tilemsi na arewacin Mali an samu shaidar hatsin noma mai shekara wajen 4500. Hatsin da ake shukawa a jigawar Madarunfa, mutanen bakin hamada ne suka fara noma irinsa, sa'ad da ƙasarsu take bushewa. Shi ya sa yake jure fari.

Shin makiyayan wancan zamani ne suka cinye hakin? Akwai masanin da ya faɗi haka a 2017. Amma a 2018 wasu masana na jami'ar Landan suka yi nasu lissafi. Suka ga cewa bisa ga tafiyar rana, da hakin ya ƙare shekara wajen 500 kafin lokacin da ya ƙare. A ganinsu, kiwo na tashi daga wuri zuwa wuri, inda ake barin makiyaya ta huta, shi ya ja wa hakin kwana. Masana ba su gama muhawara a kan wannan ba.

ZAMANIN DA YA FI NISA

Ba sau ɗaya Sahara ta yi haki ba. A 2023 masana na ƙasar Finlan da Ingila suka sa na'ura ta waiwayi shekara 800,000. Suka ga ni'ima tana dawowa kusan kowace shekara 21,000, sai fa in ƙanƙara ta yi yawa a arewacin duniya. A irin wannan lokaci sanyi yana danne iskar teku.

Na'ura tana iya zuwa nesa da haka. A Gadufawa, kusa da Gobero, an tono ƙashin wani kada mai tsawon kusan mita 10, wanda ya rayu cikin manyan gulabe shekara wajen miliyan 110 da suka wuce. Mai son gani da ido yana iya ganin ƙasusuwan irin waɗannan manyan dabbobi a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza kuwa a ƙarƙashin teku ya kwanta, domin teku ta taɓa rufe ƙasar Adar. Don lissafin irin wannan zamani, sai an canza wa na'ura wurin da teku take da wurin da tudu yake. A 2014 masana a garin Bergen na ƙasar Nowe suka yi haka. Suka nuna cewa wata babbar teku da ke arewa maso gabas da Afirka ta tsuke, shekara miliyan 7 zuwa 11 da suka wuce. Tsukewarta ta rage ƙarfin damana, hamada ta samu wurin zama.

FARIN DA TSOFAFFI SUKA GANI

Mai karatu zai ce, ina ruwan mai neman cimakar bana da shekara dubu? Ga inda ruwansa yake.

Ƙasar nan ta sha yunwar Kakalaba a 1914. Ta sha farin 1973, ta sha na 1984 wanda ake kira El Buhari. Bisashe suka mutu, rumbuna suka zama wayam, mutane suka yi ƙaura. A lokacin an ɗora wa talakawa laifi. A 1975 wani babban masani a Amurka mai suna Charney ya ce in kiwo ya cinye haki, farin rairai ya fito, ruwan sama zai ragu. Mutane da yawa suka ɗauka manoma da makiyaya ne suka jawo wa kansu farin.

Na'ura ta gwada wannan zargi. A 1986 masana a Ingila suka nuna farin yana tafiya tare da canjin zafin ruwan teku. A 2003 wata masaniya mai suna Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba na'ura zafin tekunan duniya daga 1930 zuwa 2000. Ba su gaya mata kome game da sassabe ko kiwo ba. Duk da haka ta fitar da shekarun ruwa na wajen 1950, ta kuma fitar da shekarun fari na bayan 1970. Ke nan tushen farin daga teku yake, nesa da gonar kowa. Rashin haki da itatuwa yana iya ƙara masa tsanani, amma ba shi ya tayar da shi ba.

GOBE FA?

Irin waɗannan na'urori ne ake tambaya labarin shekaru masu zuwa. Shi ya sa ake gwada su da zamanin da. Na'urar da ta kasa faɗin abin da ya wuce, ba a sakin jiki da ita a kan abin da ke tafe.

Kada kowa ya zauna jiran ni'imar Sahara ta dawo don tafiyar rana. Wannan sai bayan shekara wajen 10,000. Abin da ke canza yanayi yanzu dabam ne. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sama, yana riƙe zafi. A kan zafi, na'urori duka bakinsu ɗaya: zai ƙaru. A kan yawan ruwan sama kuwa ba su daidaita ba. Da yawa suna cewa tsakiyar Sahel, inda Nijar take, za ta ƙara samun ruwa, yamma wajen Senegal kuma ta ragu. Amma ƙarin ruwa ba shi ne damana mai kyau ba. A 2017 masana suka duba hotunan sama na shekara 35, suka ga manyan hadura masu ƙarfi sun ninka sau 3 a Sahel tun 1982. Ruwan da ya zubo da yawa rana ɗaya yana kwashe ƙasa, ya rushe ɗakuna, ya bar shuka da ƙishi bayan kwana goma. Jihar Maraɗi ta ga ambaliya a 2020 da 2024. Tsofaffi kuma sun san ambaliyar 1945 ce ta sa garin Maraɗi ya bar fadama ya hau tudu.

ABIN DA KE HANNUN MANOMI DA MAKIYAYI

Ba mai iya juya rana, ba mai iya sanyaya teku daga gonarsa. Icce ɗaya kuma ba ya kiran girgije a kan gona ɗaya. Maganar haki da ruwan sama magana ce ta ƙasa mai faɗi. Amma ƙasa mai faɗi gona-gona ce.

Manoman jihar Maraɗi sun riga sun nuna haka. A 1983 wani ma'aikaci ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwoyinsu suna da rai. Shi da manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare tohon duka a ƙone, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a gyara su, a tsare su. Maƙwabci ya gani ya koya. Bayan shekara 20, hotunan sama suka nuna itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a kan hekta wajen miliyan 5, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gawo yana zubar da ganye da damana ya taki gona, da rani ya ba bisashe inuwa da ƴaƴa. Kalgo da sabara suna tare iska kada ta binne shuka.

Akwai sauran ayyuka. Ramukan tassa da na rabin wata suna tsayar da ruwan da ya zo da ƙarfi, ya shiga ƙasa maimakon ya gudu. Malaman gona suna da irin hatsi mai saurin nuna, daga cibiyar binciken noma ta Tarna. Kowace shekara kafin damana, masana yanayi na ƙasa da na cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, suna fitar da hasashen damana, ana faɗa a rediyo. Hasashe ne na ƙasa mai faɗi, ba na ƙauye ɗaya ba. A saurare shi, a haɗa da abin da ido ya gani. Mai gini kada ya gina a hanyar ruwa. Manomi kada ya nome burtali, domin garken da aka tsare wuri ɗaya shi yake cinye haki har saiwa. Makiyayi in ya sassabo ganye, ya bar icce da ransa. Mazauna bakin tabki da na kusa da dajin Baban Rafi su tsare itatuwansu, domin ƙasar da aka bari tsirara ruwa yana kwashe ta ya zuba cikin tabki.

Rairan jigawar Madarunfa ya taɓa tafiya da iska. Saiwar haki da ta icce ce ta tsayar da shi, har ya zama gona. Ita ce take riƙe da shi har yau.

Allah ya ba da damana mai albarka.